Izinin Shiga Teku

Shekarun baya, jim kaɗan bayan na bar wa yara harkar fitar da fata da riɗi, na zauna na shirya wata tafiya wadda ba ta kasuwa ba ce, ba ta asibiti ba, ba kuma Umara ba. A Kano waɗannan ne dalilan da aka yarda dattijo ya hau jirgi dominsu. In tafiyarka ta fita daga cikinsu sai ka yi bayani, bayanin kuma ba ya gamsar da kowa. Wasu daga cikinku sun sha tambayata game da hoton nan da nake sanye da baƙar rigar roba kamar kwaɗo. To ga labarinsa.

Na yi shekara talatin da wani abu ina yawo. Na sayar da fatar akuya a Italiya, na yi rigima da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a Kwatano da Faransanci, na yi irinta da Larabci a Iskandariyya. Kusan duk garin da sana'a ta kai ni a bakin teku yake, don a can kaya suke sauka. Amma ban taɓa cire takalmi na sa ƙafata a ruwan ba. Sai dai in tsaya daga nesa, hannu a baya, kamar mai duba gonar wani. Abokan ciniki suna zaton girman kai ne, ko kuma addini. Na bar su a haka.

Gaskiyar magana alƙawari na ɗauka. Ina da shekara bakwai, lokacin Gyaɗi-Gyaɗi gonaki sun fi gidaje yawa, akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu inda ake haƙar ƙasar gini. Da damina yakan cika fal. Wata rana da hantsi na bi yayana can. Ya girme ni da shekara uku. Ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini ya ce in riƙe masa. Ya shiga, bai fito ba. Na tsaya ina jira har na gaji, sannan na ruga gida da rigar a hannuna. Mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ajiye rariyar.

Shi ne ɗanta na fari. Wanda ya taso a irin gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma a wancan zamani ana riƙe ta da gaske. Yana raye "yaron nan" take ce masa. Da ya rasu ma ba ta yi kuka a inda wani zai gani ba, kakarmu da gwaggonninmu ne suka yi. Abin da ta yi kawai, bayan an tashi daga zaman makoki, ta kira ni ɗaki ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce, "Kai da ruwan da ya wuce na alwala da wanka, har abada. Ka ji?" Na ce na ji. Daga ranar ba a ƙara tayar da maganar a gidanmu ba. Ƙannena mata sai da suka girma suka san an taɓa yin wani kafin ni.

Haka na zauna shekara hamsin da shida, ban kuma ji an tauye ni ba. Sai wata rana a Dubai, a wani gidan kifaye mai bangon gilashi, wani tsoho mai furfura ya wuce ta gabana a cikin ruwan, da tukunyar iska a bayansa, yana ɗaga mini hannu. Na tabbata ya girme ni. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa cire shi.

Tsibirin Zanzibar na zaɓa. Na duba wasu tsibiran na wannan teku, na ga a can sai dai mutum ya kwanta a kan yashi yana juyi kamar tsire, ni kuwa ba na iya hutun da babu abin dubawa. Zanzibar akwai tsohon gari mai lunguna irin na cikin Birni, da ƙofofin katako masu sassaƙa, da gonakin kanumfari da kirfa da masoro, kayan da muke saya a Kurmi a ƙulle ba mu taɓa ganin bishiyarsu ba. Yawancin mutanenta Musulmi ne, ba zan sha wahalar abinci ko masallaci ba. Harshensu kuma cike yake da Larabci kamar namu, na san kunnena zai kama wani abu.

Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri na raba kwana tara shafi-shafi, kamar yadda na saba yi in zan raka kaya. Jirgi daga Kano, a sauka Adis Ababa, a canza. Kwana na biyu tsohon gari. Na uku gonar kayan yaji. Na huɗu wani ƙaramin tsibiri inda ake ajiye manyan kunkuru, waɗanda aka ce wasunsu sun girmi kakana. Na lura alƙibla a can kusan arewa take, ba gabas ba, na rubuta da jan biro don kada in kunyata kaina a gaban maiɗakina. A shafin kwana na shida da na bakwai kuwa kalma ɗaya na rubuta: nutso.

Nutson nan ba irin na masunta ba ne da mutum zai riƙe numfashi. Ana ɗaura maka tukunyar iska a baya, da tiyo a baki, da gilashi a fuska, da takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, ka sauka ƙasan teku tare da malami ka yi kusan rabin awa kana numfashi kamar kana tsakar gidanka. Na karanta duk ƙa'idojinsa. Ba a hawa jirgin sama sai an kwana an yini bayan an fito, shi ya sa na bar kwana biyu a ƙarshe. Mai irin shekaruna sai da takardar likita, na je aka duba zuciya da huhu da kunne, aka ce ba laifi.

Maiɗakina ita gonar kayan yaji ce ta dame ta, har ta fara jera waɗanda za ta yi wa tsaraba. Ita kaɗai na taɓa ba labarin kududdufin, shi ma sau ɗaya, farkon aurenmu. Wata safiya ta ɗauki littafin tana buɗawa a hankali har ta kai ƙarshe.

Ta ce, "Alhaji, na ga biza, na ga likita, na ga har maganin sauro. Ban ga shafin Inna ba."

Na ce ai zan je sallama kamar kullum.

Ta ce, "Sallama daban, izini daban. Wato ka ce mata kunkuru za ka gani, ka shiga teku ka fito, ka dawo ka durƙusa a gabanta ta sa maka albarka? Ni dai ba da ni ba. In ta tambaye ni zan faɗa."

Shekarata sittin da uku a lokacin, da jikoki. A ƙasashen da na zaga, in ka gaya wa Bature kana neman izinin uwarka kafin ka shiga ruwa a wannan shekaru, zai ba ka lambar wani likita da ya sani. Balarabe zai gane sarai, amma zai ce ka yi abinka ka yi shiru, me ya sa za ka tayar wa tsohuwa hankali. Ni kuwa Bakano ne. Na san in na shiga ruwan nan ba da saninta ba, duk lokacin da ta ɗora mini hannu a ka zan ji kamar sata nake yi. Na kuma san in ta ce a'a, magana ta ƙare, sai dai in tsaya a bakin teku da takalmina kamar yadda na saba.

Sai na yi abin da Bahaushe yake yi in magana ta yi masa nauyi. Na nemi wanda zai yi mini kamun ƙafa.

Ina da aboki, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai bakin da zai sa dutse dariya. Inna tana son sa, don duk Juma'a yakan leƙa ta da goro da ɗan turare, ya zauna ya ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya faɗi zaɓe. Shekara arba'in muna tare. Ya san sirrin kasuwata da na gidana, amma bai san na taɓa samun yaya namiji ba. Ban ɓoye masa da gangan ba. A gidanmu ba a faɗa, sai bakina ya saba.

Na same shi a ƙofar gidansa a Ƙauyen Alu na yi masa bayanin tafiyar. Ya saurara har na gama, sannan ya kira ni da sunan tsokanar da ya sa mini, ya ce, "Bature, yanzu kai da furfurarka za ka je a ɗaura maka tukunyar gas a jefa ka teku? Me ka ajiye a can?"

Na ce, "Kifi zan gani."

"Kifi? Tashi mu je Unguwa Uku in nuna maka kifi, har da yaji."

Na ce ba wannan ya kawo ni ba, Inna nake so ya yi wa magana, ba ta son ruwa.

Ya ce, "Wace tsohuwa ce take son ruwa? Bar ni da ita."

A nan ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Na gaya wa kaina ai maganar mai sauƙi ce, ba sai an tono abin da ya wuce ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai shi Gyaɗi-Gyaɗi a motata. Ya shiga, ni kuma na fake a ƙarƙashin wata darbejiya nesa da ƙofar gidan, kamar saurayin da ya aika a kira masa budurwa. Bai yi minti goma sha biyar ba ya fito, hularsa a hannu. Ya shigo mota ya rufe ƙofa.

Sannan ya ce, "Na fara da kyau. Na ce Inna, ɗanki zai kai Hajiya hutu, ta ce madalla. Na ce akwai kunkuru mai girman turmi, ta yi dariya. Na ce zai ɗan leƙa ƙasan teku da kayan Turawa, sai ta daina dariya. Ni kuma don in sassauta mata na ce, haba Inna, ku da ruwa bai taɓa ci muku ko ɗan akuya ba. Alhaji, sai ƙanwarka ta saki kofin da ke hannunta. Inna ta dube ni ta ce, shi ya aiko ka? Na ce e. Ta ce, bai gaya maka komai ba? Na ce me fa? Ta ce ka gaida gida, ta juya fuskarta bango. Me ka sa na yi?"

A cikin motar na gaya masa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya sa hularsa, ya gyara ta. Ya ce, "Shekara arba'in. Ka cuce ni, mutumina. Ka tura ni na taka wa tsohuwa gyambo da takalmi." Ya buɗe ƙofa ya fita ya tare adaidaita sahu, ya ƙi in kai shi gida.

Kwana uku ina zuwa gaisuwa kowace safiya. Inna takan amsa, ta tambayi yara, ta ɗauki carbinta. Shi ke nan. Ƙanwata, wadda take zaune da ita tun rasuwar mijinta, ko ruwa ba ta kawo mini. A rana ta huɗu na ƙi tashi bayan gaisuwar. Na zauna a kan tabarma a gefen gadonta na ce, "Inna, na yi laifi."

Ta ce, "Wanne daga ciki?"

"Na aiko miki bare."

"Ba bare ba ne, shi ma ɗana ne. Amma ka aiko shi ido a rufe. Kai da kake yi wa Turawa da Larabawa magana da bakinsu, ni ce ba ka da harshen da za ka yi mini magana da shi?"

Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ce, "Zurfinsa nawa?"

Na ce kamar bene mai hawa huɗu.

Ta ce, "Wancan bai kai rabin haka ba."

Tun ina shekara bakwai, wannan ne karo na farko da na ji ta ambaci wurin, ko da a kaikaice. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma.

"Ka iya iyo?"

"A'a, Inna."

"To da me za ka shiga? Da Faransanci?"

Ƙanwata ta yi wani tari a bakin ƙofa ta fita. Na yi wa Inna bayanin tukunyar iska da malamin da zai riƙe hannuna. Ta saurara ba tare da ta nuna ta gamsu ba. Ta ce, "Me ke can ƙasan da ba ka gani a tudu ba, kai da ka gama duniya?"

Idona ya faɗa kan tsohuwar kwallarta, inda take ajiye wani dogon murjani na aurenta, sai na ce, "Murjani, Inna. A can yake tsirowa, kamar itace."

Ta ce, "Ni na zaci dutse ne ake fasawa." Can ta ce, "Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ka je ka koyi iyo. Ran da ka iya ka zo ka ɗauke ni in gani da idona. Ba labari ba, ba hoto a waya ba."

Maƙwabcina a Tarauni mutumin kudu ne, daga wajen Fatakwal, Kirista, yana da kantin magani. Ya fi shekara talatin a Kano, Hausa a bakinsa sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya taɓa gaya mini a garinsu kwale-kwale suke hawa su je makaranta. Wannan karon ban maimaita kuskurena ba. Na zaunar da shi na gaya masa komai, tun daga kududdufin. Ya ce, "To, Alhaji. Gobe ka sayi gajeren wando."

Muka yi magana da wani otal mai wurin iyo, suka yarda mu riƙa zuwa da sassafe, rana na fitowa, kafin baƙinsu su tashi. Mako shida muka yi. Ba zan ɓoye muku ba, na sha ruwan otal ɗin nan fiye da shayinsa. Makon farko duk a riƙe da ƙarfen gefe na yi shi.

"Alhaji, saki ƙarfen nan, ba naka ba ne."

"Ina zuwa."

"Jiya ma haka ka ce. Ka kwanta kawai, ruwan zai ɗauke ka. Kai ne kake faɗa da shi, shi ba ruwansa da kai."

Ranar da na fara sa fuskata a ciki, hannuna na dama ya dunƙule da kansa kamar yana riƙe da wani abu, sai da maƙwabcina ya buɗe mini yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bai tambaye ni ba. A mako na huɗu na fara tsallake faɗin wurin. A na shida ina zuwa tsawonsa in dawo, ba da kyau ba, amma ina isa.

Ranar da aka sa, na je Gyaɗi-Gyaɗi na ɗauko Inna da ƙanwata, maiɗakina tana gaba. Inna tana da shekara tamanin da 'yan kai, kuma ta yi shekara biyu ba ta miƙewa sai an kama ta. Muka ajiye mata kujerar roba can nesa, a inuwa. Ta ce a matso da ita. Aka matso. Ta ce a ƙara. Sai da ƙafar kujerar ta kusa bakin ruwan.

Maƙwabcina ya rusuna ya ce, "Mama, ina kwana."

Ta ce, "Kai ne malamin?"

"Ni ne, Mama."

"'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

"Duk ka sa su a ruwa?"

"Duka, tun suna ƙanana."

"Duk suna nan?"

"Suna nan, Mama. Babbar ma ta haihu watan jiya."

Ta ce, "Allah ya raya." Ta dube ni. "To bismilla."

Na tuɓe jallabiyata na rataya a hannun kujerarta, na shiga. Na je na dawo ina bugun ruwa kamar mai wankin bargo. Na kama gefe ina haki, ina jiran a yaba.

Ta ce, "Wannan a sama ne. Kai ka ce ƙasa za ka. Nutse in gani."

Na dubi maƙwabcina, ya gyaɗa kai ya shigo ya tsaya kusa. Na ja numfashi na sauka a wajen da ya fi zurfi, na taɓa ƙasa da tafin hannuna, na ƙirga goma a zuciyata, na dunguri ƙasa na taso. Da na share ruwan idona sai na ga Inna a tsaye. Ba wanda ya kama ta. Ƙanwata da maiɗakina sun miƙa hannu ta baya amma ba su taɓa ta ba. Jallabiyata tana hannunta, ta dunƙule ta a ƙirji.

Na fito ina ɗigar ruwa na tsaya a gabanta. Ta miƙo mini ta ce, "Ungo rigarka."

Muka kama hanyar komawa. Da muka shigo Gyaɗi-Gyaɗi zan karya kwana inda na saba, sai ta ce, "Bi ta baya." Hanyar nan tun ina yaro ba ta bin ta, ko biki ake a can sai dai ta aika. Na bi. An daɗe da cike kududdufin. Yanzu jerin shaguna ne a wurin, mai sayar da tayil, mai walda, da wata mai ɗinki. Ta ce in tsaya. Ta sa aka sauke gilashi, ta daɗe tana kallon shagon mai tayil.

Ta ce, "Nan ne?"

Na ce, "Nan ne, Inna. Wajen shagon tsakiya."

Sai ta ce Allah ya jiƙansa, ta kama sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a fili, kamar tana kiransa ya zo ya ci abinci. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar, ban kuma ƙara ji ba. Muka ce amin.

Ta sa aka ɗaga gilashin. Ta ce, "Ka je. Amma sau ɗaya. In ka fito ka kira ni."

Da na koma gida na ɗauki jan biron nan na soke shafin kwana na bakwai.

Tafiyar ta yi kyau, kamar yadda aka tsara, har da alƙiblar. Tsohon garin ya tuna mini da lungunan Birni, sai dai nasu na dutse ne kuma iskar tana warin gishiri. Maiɗakina ta ga bishiyar kanumfari ta tsaya tana salati, ta ce ita duk zatonta ciyawa ce. Kunkurun ba su damu da mu ba. Ran nutso wani saurayi ɗan garin ne malamina, yana ta ce mini "pole pole, mzee", wato sannu-sannu, dattijo. Muka sauka muna bin igiya, ina toshe hanci ina hura kunne kamar yadda aka koya mini. A ƙasa babu wani sauti sai numfashina. Kifaye suna wucewa ta gaban fuskata, masu launin da ko a Kantin Kwari ban ga irinsa a atamfa ba. Murjanin kuwa ba irin na Inna ba ne. Nata ja, daga Bahar Rum ake samo shi, kuma na san haka tun ranar da na yi mata maganar. Wannan ruwan ƙasa ne da shunayya, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai. Na dube shi da kyau, don na san za a tambaye ni.

Ina hawowa kwale-kwale, ko tukunyar ban bari an gama kwance mini ba, na karɓi waya daga hannun maiɗakina. Bugu ɗaya aka ɗauka, kuma ba ƙanwata ce ta ɗauka ba.

"Ka fito?"

"Na fito, Inna."

"To." Na ji ta sauke numfashi. "Murjanin fa?"

"Yana nan da yawa. An hana taɓawa."

"Gara haka. Ka sa rigarka kada sanyi ya kama ka."

Ta kashe wayar. Hoton da kuke tambaya a daidai lokacin maiɗakina ta ɗauke shi da wayar malamin, shi ya sa kuka ga bakina a buɗe.

Abokina ya huce tun kafin mu tafi, Inna da kanta ta aika a kira shi, ta ce goronta ya ƙare. Har yau in muka haɗu sai ya tambaye ni ko kifayen sun aiko gaisuwa. Amma duk Juma'a in yana addu'a ga mamata yana sa sunan yayana, wanda bai taɓa gani ba.

Inna ta rasu bayan shekara biyu da tafiyar. Murjanin yana wurin ƙanwata.

Na ga yadda mutane iri-iri suke makoki. Na ga inda ake yayyaga tufa, na ga inda ake ajiye hoton mamaci a falo da fure a gabansa, ana kiran sunansa kullum. Da nakan kwatanta da namu in ce mu mun fi haƙuri, wani lokaci kuma in ce mun fi taurin zuciya. Yanzu ba na cewa ko ɗaya. Abin da na sani shi ne na yi shekara hamsin da shida ina zaton ni kaɗai nake riƙe da rigar nan, alhali Inna tana ɗaki na gaba, ban taɓa shiga na tambaye ta ba. Da na tashi tambaya ma wani na aika.

Iyo kam ina yi har yanzu, ni da maƙwabcina, ranar Asabar da safe, a sama-sama. Bara babban ɗana ya zo da wani tsari na tafiya wani tsibiri, ya nuna mini hotuna a waya, ya ce ruwan can ya fi na Zanzibar haske, ya ce Baba ai yanzu babu mai hana ka. Na ce su je, zan raka su, zan zauna a kwale-kwale in riƙe musu riguna.

Sau ɗaya ta ce.